Baba Habibou da Lamba 417

Daga Allah muke, gare Shi kuma komawarmu take. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Baba Habibou, mutumin Tawa, a ɗakinsa da ke unguwar Highbridge a Bronx. Ya haura tamanin, ya yi shekara shida yana fama da ciwon daji na jini.

Baba, duk wanda sanyin Bronx ya fara yi wa maraba ya san teburinka na huluna a titin Grand Concourse. In ka ga baƙo yana hura hannu, sai ka cusa masa safar hannu a aljihu, ka hau shi da faɗa don kada ya yi godiya. Ni ma haka ka yi mini a 2004.

Duk sallah kana maƙala wani ɗan ƙarfe mai lamba 417 a ƙirjin rigarka. Muka sa maka suna Janar, ni ne ma kan gaba a tsokanar. Sai da ciwo ya kwantar da kai ka ba ni labarinsa. Kana saurayi aka kwashe ku leburanci zuwa hamadar Aljeriya, kuna haƙa rami cikin dutse, ba wanda ya gaya muku bam ɗin nukiliya za a gwada a ciki. Aka rataya wa kowa wannan ƙarfe. Ashe na auna gubar da ta shiga jiki ne, ana mayar da shi a duba. Kai kuwa ka ɗauka lambar yabo ce, ka ɓoye ta a lalitarka ka kawo wa mahaifiyarka.

Ni na rubuta maka takardu zuwa ga gwamnatin da ta yi gwajin, sau huɗu. Ka ce mini, "Mu'awiya, ni ba diyya nika so ba. Su rubuta ina wurin, shi ke nan. Mu goma sha ɗaya munka tahi daga garinmu, ni ɗai na saura."

A takarda ta ƙarshe na yi dabara, na haɗa da hoton ƙarfen, ina ganin na kawo hujjar da ba ta da ja. Amsa ta zo cewa tunda ba a mayar da shi ba, ba a auna komai ba, kuma leburori ba a rubuta su da suna. Na karanta maka, sai ka ce, "To, laihina ne ke nan." Wallahi wannan magana tana ci mini rai har yau. Wanda aka tura rami ba bayani, shi ne mai laifi? Waɗanda suka san abin da ke cikin dutsen fa?

Sallar da ta biyo baya ka fito ba ƙarfe a ƙirji. Ba wanda ya iya ce maka Janar.

Sun ƙi rubutawa, to ni na rubuta: Habibou ɗan Ado, mutumin Tawa, lamba 417, yana wurin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Ramatou, wadda ta bar aikinta ta yi jinyarka, da jikokinka, da jama'ar masallacinmu na unguwar Tremont. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya jiƙan abokanka goma. Ya saka muku a ranar da ba sai an nemi takarda kafin a san wanda yake wurin ba. Amin.