Kaurin takarda a cikin injin

"Ɗora yatsanka nan," in ji Malam Isiya, wani tsohon bakanike a garin Isa. Ya tura kamshaf, wani sandan ƙarfe a cikin injin motata, da sukundireba, sai na ji yana zamewa gaba da baya.

Tsohuwar a-kori-kurar da mahaifina ya bar mini ce. Da ita nake kai albasa Nijar, da ita gidanmu ke ci. Wata uku injin yana ƙwanƙwasa, kowa na cewa in sayar wa 'yan gwangwan.

Na ce wa Malam Isiya, "Baba, ta mutu ke nan?"

Ya yi dariya. "Wa ya gaya maka? Ɗan ƙarfen da ke tare kamshaf ɗin ne ya cinye. Za ni yanko wani in goge. In ya matse ya ƙone, in ya saki ya yi ta bugu. Wasan da za ni bar mai bai wuce kaurin takarda ba."

Yini guda ya yi yana goga yana aunawa. Yau da safe na fito daga garin Turba da cikakken lodi, ko tari ba ta yi ba.

Ku taya ni yi wa dattijon nan addu'a. Akwai sauran irinsa a garinku?