Gudu a Bayan Babur

Malamin wasanninmu a Bawku mutumin Salaga ne, siriri mai saurin fushi, muna ce masa Masta. A ƙarshen shekarun tamanin aka turo shi makarantarmu. Ya iso da jan babur mai fasasshen salansa, ya kuma rantse sai ya kai mu gasar makarantu a Navrongo mun cinye gudun mita ɗari. Ya sa mu ja tsohuwar tayar mota da ƙugu, ya sa mu hawan tudu a guje, gwiwa sama, har wasu su yi amai. Duk wannan mun jure, muna zaginsa a ciki. Abin da ya firgita ni shi ne igiya.

A ganin Masta, ƙafa ba ta sanin iyakar saurinta sai an tilasta mata. Don haka yakan ɗaura doguwar igiya a bayan babur, mai gudu ya riƙe ɗaya bakin, ya ja shi a kan titin tsakuwa da ya nufi Kulungugu yana ƙara wuta kaɗan-kaɗan. Ɗayanmu kuma ya zauna a bayansa yana fuskantar mai gudun.

"In moto ya fi ka ƙarfi, saki igiya," in ji shi. "Kai na baya, ka ga mutum ya faɗi, buga ni."

Ni matsoraci ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Da na ji igiya ta miƙe nake sakinta, a bushe mini da dariya. Wanda ya fi kowa dariyar shi ne ɗan kawuna, abokin wasana, wanda kaf makarantar babu mai kamo shi a gudu. Mahaifinsa mai kama shanu ne a kara, kasuwar dabbobi, shi ma can yake wuni duk ranar kasuwa.

"Kai ko akuya ba ka iya riƙewa," yakan ce mini. "Bari in nuna maka yadda maza ke yi."

Ranar da abin ya faru ni ne a bayan Masta. Ina kallo ya ɗauki igiyar, maimakon ya riƙe ta a tafi, sai ya naɗe ta a wuyan hannunsa na dama ya cusa bakin ta ƙasa. Haka ake riƙe bijimi a kara. A can, sakin igiya cikin taron kasuwa yana nufin bijimin ya soke wani, kuma tun yaro yana ƙarami ake dukan wannan darasin a jikinsa har ya zauna. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba.

"Kwance igiya nan," na ce masa.

Ya yi mini gwalo. Na juya na faɗa wa Masta a kunne, amma ya riga ya tayar da babur, ƙarar salansa ta cinye maganata.

Da farko gudun ya yi kyau, ban taɓa ganin ƙafafun mutum suna juyawa haka ba. Masta ya ƙara wuta. Na ga fuskar ɗan kawuna ta canza, dariyar ta ɓace, bakinsa ya buɗe. Sai ƙafarsa ta zame a kan tsakuwa, ya kifa.

Igiyar ba ta sake shi ba. Na riƙa dukan bayan Masta da hannu biyu ina kururuwa. Ya taka birki, amma taya ta ci gaba da sulɓi, ɗan'uwana yana biye da mu a ƙasa, hannu a miƙe, kai yana bugun titi. Da muka tsaya bai motsa ba. Na tabbata ya mutu, har na kasa saukowa daga babur.

Bai mutu ba. A asibiti aka wanke masa tsakuwa daga gwiwa da kafaɗa, aka ɗaure hannun. Ni da Masta muka zauna a benci muna jiran Kawu. Na san zuciyar Kawu, na san kuma ba ya rabuwa da wuƙa a ƙugu. Masta ma ya sani.

Kawu ya shigo da kashin shanu a takalmi. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya ya saurari likita yana bayanin cewa wuyan hannun ya karye, igiyar kuma ta ci jijiya.

Masta ya yi ƙarfin hali ya sa baki. "Baba, ƙafa dai lafiya lau. Zai warke, zai yi gudu."

Kawu ya dube shi a karo na farko. "Masta, mu a gidanmu ba da ƙafa muke cin abinci ba."

Ya matsa bakin gadon da yaron ke kwance, ya sa babban yatsansa cikin tafin ɗansa, inda yatsun suka leƙo daga ɗauri, kumburarru.

"Riƙe ni," ya ce a hankali.

Ɗan kawuna ya cije leɓe, gumi ya karyo masa a goshi. Muka zuba wa hannun ido, har likitan. Yatsun ba su motsa ba.