Numfashi Bakwai na Malaz

Duk wadda ta kai ɗinki wajen Awadiyya a unguwar Hadayek el-Maadi ta san ba za ta fito da wuri ba. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙasa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira, daga ita sai keken ɗinki da 'ya ɗaya. Ni ɗaliba ce, daga unguwar Madinat Nasr nake zuwa a rage mini tsawon abaya, in koma da abaya da ciwon kunne. Tela ce ta gaske, amma bakinta ya fi kekenta gudu.

'Yar tata, Malaz, shekararta sha shida, kuma tun da suka baro Omdurman ba ta ƙara buɗe baki gaban mutane ba. A gida sai kalma ɗaya biyu, a makaranta sai gyaɗa kai. Wannan ne ke cin Awadiyya a rai.

Abin da yarinyar ke so shi ne wani katun na Japan, irin wanda ake kira anime, da aka ɗauko daga littattafan zane na manga. Labarin wata 'yar sakandare ce mai kunya, ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo, ta kamu da son abokin wasanta. A wajen Awadiyya shirme ne kawai: mutane masu ido kamar faranti, ga shi ba hanci. Sai rannan Malaz ta ajiye mata waya a kan keke, ta ce za a yi bikin ƙarshen shekara a makarantarsu ta 'yan Sudan, ita za ta fito a matsayin yarinyar, kuma rigar yarinyar take so a ɗinka mata.

Awadiyya ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, don kada yarinya ta fasa. Washegari tana kasuwar Ataba tana cinikin shuɗin yadi. Sai dai hoton da ke wayar gaban rigar kawai ya nuna, ita kuwa ba ta yanka abin da ba ta ga bayansa ba. Ta hau kallon katun, wai neman bayan riga. A kashi na uku ta gan shi, amma sai da ta cinye ashirin da huɗu. Na same ta tana zagin saurayin, wai sakarai ne, yarinya na ta kawo masa abinci bai gane komai ba. Siket ɗin rigar dai ta ƙara masa taƙi biyu, ta kuma kafe sai mace ce za ta fito a saurayin. Aka ba wata Hadeel.

Ranar biki na zauna kusa da ita, zaure cike da iyaye mata cikin lafaya. Malaz ta fito. Hadeel ta tambaye ta me take son faɗa. Malaz ta tsaya, shiru. Mata suka fara motsi. Wata a baya ta ce ma'alish, ba komai, a sauko da yarinya, wata ta fara tafi don a rufa asiri.

Awadiyya ta waiwaya. "Ku bar ta, khalas, ya isa. Haka wurin yake a katun, sai ta ja numfashi bakwai."

Amma tana riƙe da hannuna, tana ƙirgawa da yatsa a tafina. Ta kai bakwai, ta wuce takwas, ta shiga tara. Gaskiya na tsorata, don na gane ita ma ba ta san ko shirun wasa ne ko shirun da ta saba gani ba.

A na goma Malaz ta ɗaga kai. Da Larabci ta ce tana son sa, ta kuma gaji da ɓuya bayan labule. Har na bakin ƙofa sun ji.

Guɗa ta cika zauren. Awadiyya tana dariya tana share ido da gefen lafaya, ta matso kunnena.

"Shekara biyu rabona da in ji ta ɗaga murya," ta ce. "Ashe muryar ta girma ban sani ba."