Gusun da Kuka

Ku gyara zama, ku aje abin da ke hannunku, ku ara mini kunne, in na gama in mayar muku. Wannan labari da ƙafata na taka shi, kuma har yau in ya faɗo mini a rai sai na yi tsaki.

Zamanin nan Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba, hanyar jirgi ma ba ta iso Gusau ba. Muna Bunguɗu, ina da goyon fari. Inna, uwata da ta haife ni, yanar ido ta fara rufe mata gani. Daga hantsi zuwa azahar tana rarrabe mutum da kututture, amma da rana ta karkata sai lalube. Wanzami ya duba ya girgiza kai, ya ce kafin a zuba dawa a rumbu idon zai rufe.

Inna ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta kufan 'Yandoto ta ga rijiyar kakanninta. Daga can mutanenmu suka taso lokacin da garin ya watse, kuma kakarta ta raine ta da labarin rijiyar nan mai bakin dutse, wadda igiyar guga ta ci har ta yi mata tsage kamar na fuska. Inna ta ce, "Tun ina yarinya nake ganinta da kunne. Ina so in gan ta da ido kafin a karɓe shi."

Maigidana yana kan yankan gero, ba hali ya raka mu. Ya aro mana jaki wurin maƙwabci, da sharaɗin mu dawo da shi kafin a fara jido. Ja-gora kuwa sai aka haɗa mu da Kawu, ƙanen Inna. A nan aka shuka ɓacin ran.

Kawu ya yi shekaru yana ɗaukar wa wani Bature kaya, gari-gari har Kano da Zariya. Ya dawo mana da cuta biyu. Ta fari Kananci a baki. Ta biyu, ba ya iya wuce tsohon gini. Ko katangar da awaki suka gama da ita ya gani sai ya tsaya, ya riƙe ƙugu, ya ɗaga haɓa, ya ce haka uban gidansa ke yi, wai a nan ake gane girman mutanen da.

Da muka isa Gusau rana tana tsaka, lokacin da idon Inna ke aiki. Maimakon mu sha ruwa mu wuce, sai ya ja jaki muka bi gindin ganuwa.

"Yaya, dubi kaurin nan! Doki biyu sai su jera a kai."

Inna ta ce, "Na gani. Ƙasa ce. Akwai ta a bayan ɗakina."

"Kin san me ya sa ake ce wa garin nan Gusau? Daga 'Yandoto suka guso, suka guso, har sunan ya bi su."

"To mu ma mu gusa mana, auta!"

Bai gusa ba. Sai da ya nuna mana ƙofar gari, ya sa ni na taɓa ƙusoshin ƙyaure, ya kai mu tsohon masallaci ya zagaya mu ta baya don mu ga indararo. Ni mace da goyo, me zan yi da indararon masallaci? Rana ta faɗi muna nan.

A Kwatarkwashi ya hango dutsen nan da ya tokare sama, ya ce rantsuwa ya yi ba zai wuce ba sai ya hau ya ga gari daga bisa. Ya bar mu a gindin tsamiya, tsohuwa da mai jego da jakin aro. Ya sauko gab da magariba da ƙaya a tafin ƙafa, ni ce kuma na cire masa. A Tsafe tsofaffin rijiyoyin rini ya tsayar da mu mu leƙa, waɗanda ko kwaɗo ya ƙaurace musu. Kowace safiya Inna takan ɗaga hannunta gaban fuskarta ta juya shi, ina ganin hannun yana ƙara matsowa kusa da hancinta. Haka na ci gaba da binsa, don a zamaninmu ɗiya ba ta tanka wa kawunta a kan hanya.

Ran da muka shiga 'Yandoto azahar ta gota. Kufai ya zama gona. An yanke gero, dawa tana tsaye ta fi mahayi tsawo. Nan tudun ƙasa inda aka ce makaranta ce a da, can tsingaro birjik, sai kukoki manya tsaye kamar dattawa a wurin zaman makoki. Inna ta ce a nemi kuka mai kogo, wadda mutum zai shiga cikinta ya zauna, ita ce alamar rijiyar. Wani manomi ya nuna mana ita. A daidai nan yaron ya ɓarke da kuka, na tsuguna a inuwa ina ba shi nono, su suka tsaya gefe.

To ku ji inda aka haihu a ragaya. Ku yaran yanzu kudu kuke cewa. Mu a bakinmu gusun ne. Inna kuma ba haƙori a gaba, magana tana fita da iska. Ta ce wa Kawu, "Gusun." Shi hankalinsa yana can kan wani guntun bango da ya hango ta gabas, kunnensa kuma ya saba da kudun Kanawa. Ya ce, "To, mu gusa," ya ja jaki ya faɗa cikin dawa, ya miƙe gabas.

Ta ƙara cewa, "Gusun, na ce."

"Ai gusawa muke yi, Yaya."

Da na gama na goya yaro na ɗago, ba su ba alamarsu. Na bi sawun jaki, ganyen dawa yana yanka mini hannu, ƙarangiya ta cika mini zane. Can da nisa na jiyo muryar Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga ta haka ba.

"Gusun da kuka! Gusun! Kai auta, a Kano ka jinginar da kunnenka ne, ko harshen uwarka ka manta?"

Na iske shi tsaye gaban bangon, hannu a ƙugu. Ya juyo ya ce, "Af! Kudu kike nufi? Ai da kin faɗa."

Allah ya sani, da ba ƙanen uwata ba ne da na faɗi abin da za a kai ni gaban alƙali.

Kafin mu komo kukar mu yi gusun da ita, la'asar ta yi sakaliya. Rijiyar tana nan kuwa, jifa ɗaya daga inda na zauna shayarwa, an rufe ta da itace don kada dabba ta faɗa. Na janye itacen, na sauko da Inna. Ta durƙusa, ta ware ido, ta murza, ta sake warewa.

Ta ce, "Duhu kawai."

Kawu ya ce, "Shafa da hannu mana, Yaya, duk ɗaya ne. Gobe da asuba za mu kama hanya, mai jaki yana jira. Kuma akwai wata tsohuwar ƙofa da nake so ku gani a hanyar komawa."

Inna ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Ta ce ba shafa ta zo yi ba, shafa tana gabanta har ƙarshen rayuwa.

A ranar na karya al'ada. Na fizge igiyar jakin daga hannun Kawu na ɗaura a ƙuguna, na ce, "Kawu, ka yafe ni, amma jakin nan ba zai bar garin nan ba sai hantsi ya dubi ludayi. In ƙofa kake so, ga hanya, ƙafarka ƙalau." Ya dubi fuskata, ya biyo mu.

Muka kwana gidan manomin nan. Da rana ta ɗaga na kai Inna ni kaɗai. Ta kwanta rub-da-ciki a bakin rijiyar, hancinta ya kusa taɓa dutse. Ta daɗe tana bin tsagen nan da ido, ɗaya bayan ɗaya, har yaron ya yi barci a bayana. Sa'an nan ta ɗago ta ce, "Ashe ƙarama ce. Tsohuwar nan, kakata, ta iya ƙarin gishiri." Ta yi dariya har da hawaye, sa'an nan ta sa hannu ta shafa. Ta ce a ɗebo mata ta sha. Ruwan da ɗan garɗi-garɗi, ta shanye ƙoƙo guda.

A komawa ni na riƙe igiya. Duk bangon da Kawu ya hango sai ya yi gyaran murya, ni kuwa sai in ƙara wa jaki sanda.

Idon Inna ya rufe kafin a gama sussukar dawa, kamar yadda wanzami ya faɗa. Ta rayu shekaru bayan haka, duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin rijiyar, kuma a bakinta rijiyar tana ƙara faɗi kowace damina. Kawu ya koma Gusau da zama, ya tsufa yana tare baƙi a bakin kasuwa yana jan su kallon ganuwa, har aka rushe ta ya rasa abin nunawa. Bai sake cewa kudu a gabana ba. Mai jaki ya yi fushi da maigidana saboda makararmu har bayan salla, sa'an nan suka shirya. Goyon da na ratsa dawa da shi kuwa shi ne kakan wasunku, ya rasu bai taɓa taka 'Yandoto da ƙafarsa ba. Ni ce na rage, kuma ga shi nawa idon ya fara hazo. In kun tashi kai ni can, kada ku haɗa ni da mai son kallon bango.