Takardun da na tsinta ƙarƙashin katifar ɗiyata

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Kankia. Duk abin da malamarmu ta ba mu mu karanta gaskiya ne: yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ranakun rigakafi, yadda ake rufe randa. Da wannan na tashi daga ajin, cewa abin da aka buga da na'ura sai an tabbatar da shi kafin a buga.

Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Mawashi. Duk ranar kasuwa gidanmu take fara shiga, in kama mata mu sauke ƙwarya, in ba ta ruwa, ta miƙe ƙafa a tabarma. Tun ina goyon ɗiyata ta biyu muke tare. Kaɗo take kirana, ni kuma in ce mata 'yar daji, mu yi dariya.

Hutun da ɗiyar tawa ta cika shekara goma sha shida, ta tafi Kusada wajen goggonta. Ina kakkaɓe ɗakinsu na ɗaga katifa, sai ga takardu bugun na'ura, an haɗe su da ƙarfe, babu bango. Da Hausa aka rubuta, don haka na zauna bayan azahar ina haɗa baƙi. Karatuna a hankali yake, kwana uku na yi.

An rubuta cewa wasu mutane sun zo cikin farar mota da ƙwayar cuta a 'yar kwalba, wadda aka haɗa da gangan don ta kashe jama'a. Sun tsaida wata mai nono a hanya kamar za su saya, suka ɗiga mata a ƙwarya ba ta sani ba. Mutanen Tafashiya suka fara haɓo, kwana uku sai gawa. An ambaci Kunduru, an ambaci tashar motarmu, har da tsamiyar da masu nono ke zama. Wata yarinya 'yar makaranta ce ta gano, ana ta farautarta.

Ban daɗe da ganin shekarar da aka rufe kasuwanni saboda annoba ba, shi ya sa ban yi shakka ba. Na ɗauka takardar sirri ce ta asibiti ɗiyata ta samo a makaranta. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko maigida ban faɗa mashi ba, tsoro nake kar bakina ya jawo wa yarinyar nan ta cikin takarda wani abu. Addu'a dai nake yi mata bayan kowace salla.

Ranar kasuwa aminiyata ta yi sallama. Ina zaune ina tsince shinkafa, ban tashi ba. Na ce mata yau ba mu buƙata. Ta tsaya tsakar gida da ƙwarya a ka, tana jiran in kama mata kamar kullum, ni kuwa idona na kan faifai. Ta tambayi yara, ta tambayi maigida, na amsa a taƙaice. Ta ce to Allah ya ba mu alheri, ta juya. Kasuwa uku ta wuce ba ta sake leƙo mu ba, kuma an ce mani ana ganinta a gindin tsamiya.

Da ɗiyata ta dawo, na bari ta ci abinci, sannan na kira ta ɗaki na rufe ƙofa. Na tambaye ta a hankali mutum nawa suka rasu a Tafashiya, kuma ko yarinyar ta tsira. Ta dube ni ba ta gane ba, sai da na fiddo takardun. Dariya ta kama ta har ta riƙe ciki. Ta ce ita ta rubuta, labari ne na ƙungiyar marubuta ta makarantarsu, irin littattafan ban tsoro da suke karantawa a waya, a shagon bakin tasha aka buga mata.

Na ce, "To ƙarya kika sa aka buga?"

Ta ce, "Ba ƙarya ba ce Inna, kamar tatsuniya ce."

Na ce mata tatsuniya tana da sallamarta, kafin a fara kowa ya san an shiga wasa, kuma ban taɓa jin tatsuniyar da aka yi a tashar Kankia ba. Sannan na faɗa mata abin da na yi wa mai nono. Dariyar ta tsaya. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan takardun, tana cewa laifinta ne. Na ce a'a, ita rubutu ta yi, ni ce na ƙi tashi.

Washegari muka shiga mota zuwa Mawashi, muka ƙarasa rugar da ƙafa. Mun tarar da ita tana kaɗa nono a ƙofar bukka. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta gaishe mu gaisuwar baƙi, babu Kaɗo babu wasa. Na kwashe komai na faɗa mata, ban rage ba. Ta ci gaba da kaɗa nononta, sannan ta ce ita rashin sayen bai dame ta ba. Yanzu gidaje da yawa idan sun ga Bafillace sai su ja ƙofa.

"Na ɗauka ke ma kin bi sahunsu," in ji ta. "Ranar nan a mota na yi ta kuka."

Na kama hannunta. Ta bar mani shi.

Can ta juya ga ɗiyata ta tambaye ta, mai nonon nan ta cikin takarda, ina ta ƙare. Yarinya ta ce cikin ƙaramar murya, ai ta rasu a shafi na huɗu.

"Ke 'yar nan, duk kindirmon da na ɗura maki tun kina rarrafe, shafi huɗu kawai kika bar ni in yi?"

Ta kira matan rugar, ta ce su zo su ji yadda aka kashe ta. Dole ɗiyata ta karanta masu tun daga farko, tana in'ina don kunya. Wata tsohuwa ta ce babu mai nonon da za ta bar baƙo ya buɗe mata faifai, a gyara wurin. Wata ta ce mutanen farar motar a bar su da karnukan ruga. Ɗiyata ta ari fensir a jakata tana rubuta gyaran a gefe.

Aka dama mana hura, na sha har na ƙoshi. Sai bayan la'asar ta rako mu bakin titi. Da mota ta tsaya ta ce, "Kaɗo, ranar kasuwa ki jiƙa gero da wuri. Ke kuma 'yar nan, in na zo in tarar ina raye a takardarki."