Hannun da Sa'ade take karɓa da shi

Cikin ranakun aikina akwai wata Laraba ta watan Satumba da ban taɓa mantawa da ita ba. Lokacin ina koyon aikin horar da yara masu rauni a jiki, a ƙarƙashin Madam Zeinabu, shugabar sashenmu a Mayahi. Muka je Kanan-Bakashe da akwatin awo.

Ga wanda bai sani ba, akwatin nan ba magani a ciki. Ƙananan katakai ne, da duwatsun ado, da zare, da agogo. Za ka ba yaro, ka ga abin da hannunsa zai iya cikin lokacin da aka ƙayyade, ka rubuta maki.

Wata tsohuwa ta kawo jikarta Sa'ade, 'yar shekara bakwai, wadda zazzaɓi ya shanye wa hannun dama. Shugaban makaranta ya ce ba zai rubuta sunanta ba sai ya ga takardarmu.

Ni kuwa a lokacin ji nake na haddace aikin. Na miƙa mata katako, ta kawo hannun daman nan yana rawa, katako ya faɗi. Na miƙa dutse, ya faɗi. Na jera mata sifili shida, na kai wa Madam takarda.

Madam ta duba, ta juya ga tsohuwar. "Inna, hagun ma ba ya aiki?"

"Lafiya lau yake, ɗiyata. Amma ta amshi abu daga hannun babba da hagu? Ai ba haka na tashe ta ba."

Madam ta zube kayan a tabarma, ta naɗe hannuwanta. "Sa'ade, ba wanda ya ba ki. Ɗauka za ki yi."

Yarinya ta dubi kakarta. Sai ta tuɓe takalmi, ta maƙale zaren a babban yatsan ƙafarta, ta ja shi ya miƙe. Da hagu ta dinga zura duwatsun, ɗaya bayan ɗaya, har ja da fari take bambantawa ba wanda ya sa ta. Na saki baki, na manta ban danna agogo ba.

"Haka take saƙar kaba," in ji tsohuwar. "Tabarmar da kuke zaune kai ma da hannunta ciki."

Madam ta miƙo mini sabuwar takarda, na sake rubuta maki. Da aka buɗe makarantu Sa'ade ta shiga aji.

Ku da kuke tasowa a wannan aiki, akwatin bai yi ƙarya ba, ni ce ban san abin da nake aunawa ba. Ladabin yarinya na auna, na rubuta mata sifili. Shi ya sa har yau ba ku taɓa ganin na miƙa wa yaro kayan awo ba. A tabarma nake ajiyewa.