Loka a Rufin Motar Baba

Da Baba ya yi ritaya daga sashen gona na ƙaramar hukuma, bai yarda ya zauna a gida ba. Ya sayi wata tsohuwar jif a gwanjo, irin mai dogayen ƙafafun nan da ke shiga inda ƙananan motoci ba sa shiga, ya mai da hankalinsa kacokan kan gonarsa da ke can bayan garin Gitata. Inna ba ta taɓa kiran motar nan mota ba, injin niƙa take ce mata, don in ta tashi da safe a unguwarmu ta Gangaren Tudu har kajin maƙwabta sai sun watse. Baba ba ya kula ta. Da damina yakan yi kwanaki a ɗakin gona, ya dawo ya yi baƙi, ƙafa duk taɓo, yana ba mu labarin doya da riɗi kamar labarin jikokinsa.

Duk inda zai kwana, akwai abin da ba ya bari a baya, wato littafin kakanmu. Rubutun hannu ne, takardu warwatse ba ɗinki, ayoyi da addu'o'i da bayanin da kakan ya yi a gefe da jar tawada, an ɗaure su cikin gafakar fata. Mun tashi mun san dokarsa tun kafin mu iya karatu: ba a taɓa shi sai da alwala, ba a ɗora komai a kansa, ba a kuma ajiye shi ƙasa da inda mutum yake zaune. In Baba yana tuƙi, a gabansa yake ɗora gafakar, jikin gilashi.

Wata damina ruwa ya tare shi a hanyar dawowa. Tsakanin gonar da kwalta akwai wani rafi marar gada, ranar kuwa ya cika ya batse. Baba ya shiga, taya ta faɗa rami, motar ta karkace, ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, gafakar ta zame ta faɗa ciki. Ya cafe ta da sauri, amma gefen takardun ya riga ya jiƙe. Na iske shi a gida ya shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan gado, jar tawadar ta narke a wasu wurare ta yi jirwaye.

Bayan takardun sun bushe ya ce, "Ni da gona sai ruwa ya ɗauke."

Ba zai tafi ya bar littafin ba, ba kuma zai sake kai shi bakin rafi ba. Ya bar wa 'yan ƙwadago gonar, ya ɗauko kujera ya dasa a baranda. Mutumin da ke cinye tuwo ya nemi ƙari ya koma loma biyu ya ture kwano. Rediyo a kunne, amma in ka tambaye shi me aka ce a labarai bai sani ba. In hadari ya haɗo sai ya ɗaga kai ya dubi wajen Gitata. Inna ta ja ni madafa ta ce, "Ke, mutumin nan in bai koma gona ba, zaman nan ne zai ci shi." Tsoro ya kama ni, don ni ma na ga yadda wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Ni ce na kawo shawarar a yi wa motar loka, wurin ajiya a jikinta wanda ruwa ba ya shiga. Wanda zai yi kuwa ba sai an nema ba. Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, mai walda da gyaran jikin mota, ɗan ƙabilar Eggon, dattijo a cocinsu. Kawu muke ce masa tun muna yara. Shi kuma tun da na fara koyarwa ya laƙaba mini Malama, ko da yake ya san ni tun ina yawo ba ɗankwali. Da na faɗa wa Baba, sai ya miƙo mini makullin mota.

Na kai motar garejin Kawu ina sauri, don muna tsakiyar jarrabawa a makaranta. Na ce masa Baba yana son wurin ajiye kayansa masu muhimmanci, inda ko motar ta shiga rafi ba za su jiƙe ba.

Ya ce, "Malama, je ki abinki. Ko kifi ba zai samu hanyar shiga ba."

Aiki kam ya yi aiki. Ya yanka jikin motar a gefe, bayan tayar baya, inda akwai wani fili da ke zaune a banza tsakanin bodi da ƙasan kujera. Ya naɗe fallen ƙarfe ya yi akwati, ya cusa shi ciki ya bi shi da walda, ya sa ƙofa mai hinji biyu da roba a baki, ya shafe da fenti kalar motar. In ba an nuna maka ba, sai ka rantse da ita aka ƙero motar. Da kansa ya tuƙo ta ya kawo ƙofar gida, yana ta murmushi, ya ce aikin maƙwabtaka ne, kada kowa ya yi masa maganar kuɗi.

Ina ganin inda lokar take na san akwai matsala. Daidai ƙarƙashin kujerar baya take, inda mutane ke zama, kusa da inda ake taka ƙafa a hau. Kawu ya ji an ce kaya masu muhimmanci a mota, shi kuwa a wurinsa me ya fi jek da sifana muhimmanci?

Baba ya durƙusa ya buɗe ƙofar, ya rufe, ya sake buɗewa, ya shafa waldar da yatsa. Ya ce, "Kai, maƙeri, hannunka yana nan yadda na san shi. Allah ya saka da alheri." Ya aika aka ɗauko jek da sifana da igiyar jan mota, ya jera su ciki a gaban Kawu, ya kulle. Ya raka shi har bakin garejinsa yana godiya. Da ya dawo sai ya koma kan kujerarsa ta baranda.

Ni fa ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Na ɗauki mayafi na ce bari in je in gaya wa Kawu a sake, ai ba wani abu ba ne.

Baba ya ce, "Dawo nan. Mutum ya wuni a rana yana ƙona idonsa saboda ni, ki je ki ce masa me? Bai yi ba? In kika buɗe baki kan maganar nan, ban yafe ba."

Na ce, "To Baba, gonar fa?"

"Gona tana inda take."

Na shiga ɗaki na yi kukan haushi. Kara ce za ta kashe mana uba muna kallo, ga magani a bayan katanga an hana mu ɗauka. Kullum in zan wuce makaranta Kawu zai ɗago fuska daga walda ya ce, "Malama, yaya lokarmu?" in ce lafiya lau, in wuce ina cizon leɓe.

Sai dai Baba ya yi mantuwa ɗaya. Ni ya hana magana, bai hana Inna ba. Kawu da kansa ya lura ciyawa ta fara fitowa ƙarƙashin motar, ya ce wa matarsa ruwa ba ya tsami banza. Matar ta haɗu da Inna a wurin niƙa ta tambaye ta, Inna kuwa ta zazzage mata komai kafin a gama niƙa masararta.

Da la'asar sai ga Kawu da kayan aikinsa a jiki, ko hannu bai wanke ba. Ya yi sallama, ya ƙi zama.

Ya ce, "Alaji, ashe haka muke da kai? A garin nan na girma fa. Na san abin da ake ɗagawa sama. Ka bar ni in yi wa maganar Allah ɗaki a ƙarƙashin mazaunin mutane, kana mini godiya? In da ka sa littafin a ciki don kunyata, alhakin a wuyan wa?"

Baba ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ya ce, "Aikinka ba shi da aibu."

"Ba aikina na zo tambaya ba. Ba ni makulli."

A wannan karon ban bar garejin ba sai in lokacin aji ya yi. Kawu ya zaɓi saman gilashin gaba, tsakanin kan direba da na mai zaman gaba, inda babu kan da zai fi lokar tsawo. Ya ce ba zai huda rufin ba ko da ƙusa ɗaya, don duk inda aka huda nan ruwa zai bi wata rana. A jikin ƙarfen da ke riƙe da rufin ya kama akwatin da walda. Ya bar tazara tsakaninsa da rufi saboda zafin rana, ya shimfiɗa katako a ciki, ya bi katakon da sabon bargo da ya yanka. Robar bakin ƙofar daga wani mataccen firji ya ciro ta. Ya kuma liƙe gefen gilashin da ya daɗe yana yoyo.

Wajen awo ne abin ya taɓa ni. Yana buƙatar ya san girman gafakar, amma bai nemi a miƙo masa ita ba. Ya yanko zare ya ba Baba, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya harɗe hannuwansa a baya. Baba ya auna tsawo ya ƙulla, ya auna faɗi ya ƙulla, ya auna kauri ya ƙulla, ya miƙo masa zaren. Ba wanda ya ce wa Kawu ya yi haka.

Da aka gama Baba ya duba ya yaba, wannan karon yabon gaskiya, na ji a muryarsa. Amma bai ɗauko littafin ba. Ya ce a bari tukuna a gani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har na buɗe baki, Kawu ya yi mini alama da ido in yi shiru.

Ranar wata Asabar aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kawu ya shigo da lema, da wani abu a hammata naɗe cikin ɗankwali. Ya kwance a gaban Baba. Littafin waƙoƙin coci ne na mahaifiyarsa, bangonsa ya siɗe, takardun sun yi laushi saboda yawan buɗewa. Ya ce tun da ta rasu shi kaɗai ne abinta da ya rage a hannunsa, matarsa ma sai da ta yi masa faɗa da ta ga ya ɗauko.

Ya ce, "Alaji, tashi mu je rafin nan naka. Wannan zan sa a ciki, haka nan ba leda. In ya jiƙe, nawa ne ya jiƙe."

Baba ya ce, "Haba, maƙeri. Sa tsohuwar jarida mana."

"In jarida ta fito a bushe za ka ce ai jarida ce."

Ya cire ɗankwalin, ya sa littafin a loka, ya rufe. Shi ya tuƙa, Baba a gefensa, ni a baya. Muka wuce Gitata muka saki kwalta, ruwa na ta ƙara a rufi. Rafin ya cika har ya fi yadda Baba ya ba mu labari. Kawu ya sa babbar giya ya shiga a hankali. Motar ta yi tangaɗi, ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa ya rufe mana idon sawu, ni ina ta salati da ƙarfi ban ma san ina yi ba. Na ga Baba ya ɗaga hannu ya dafe ƙofar lokar da tafinsa, bai sauke ba har muka haye.

A tudun tsallake Kawu ya tsaya ya kashe mota. Ya goge hannunsa a riga, ya daɗe yana gogewa, sannan ya buɗe. Ya fito da littafin ya juya shi gaba da baya, ya buɗe tsakiya, ya shafa. Ko danshi babu. Sai a lokacin na ji ya sauke numfashi, na gane ashe shi ma a tsorace ya zo. Hawaye suka zubo mini. Har yau in na tuna mutumin nan sai na yi masa fatan alheri, don abin da ya yi mana ba mu da bakin gode masa.

Baba bai yi godiya ba a wannan karon. Ya goge gilashin gefensa da hannun riga, ya tsura wa gonar ido, ga ta can ciyawa ta kusa shanye kunyoyin doya. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Dubi abin da yaran nan suka yi mini da gona. Maƙeri, juya mu koma. In ɗauko kayana in dawo tun da sauran rana."